Wa Ya Tambayi Iyayen? Gwajin Trovan a Kano da Tarihin Haƙƙin Majinyaci

A farkon shekarar 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewacin Nijeriya, inda mutum fiye da 100,000 suka kamu, sama da 11,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya. A Kano cutar ta zo tare da ƙyanda da kwalara. Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana, ya cika ya batse, gadaje suka yi kaɗan, ma'aikata suka kasa kai hannu ko'ina. Ƙasar tana ƙarƙashin mulkin soja na Janar Sani Abacha, kuma talakan da ya kai ɗansa asibitin gwamnati ba ya da wata mafaka bayan wannan. Abin da ya faru a asibitin cikin 'yan makonni ya zama babi mafi girma a tarihin gwagwarmayar haƙƙin majinyaci a ƙasar nan.

A tsakiyar annobar ne tawagar kamfanin magunguna na Amurka, Pfizer, ta sauka Kano domin gwada sabon maganinta mai suna Trovan, wanda a lokacin ba a ba da izinin sayar da shi ba. An ɗauki yara kimanin 200. Rabinsu aka ba su Trovan, sauran kuma aka yi musu allurar wani sanannen magani, amma ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara goma sha ɗaya suka rasu, biyar daga rukunin farko, shida daga na biyu. Wasu sun tashi da kurumta ko makanta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya jawo mace-macen da nakasar, domin cutar kanta tana barin irin wannan tabo, kuma ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, sun amince da baki. Iyayen da suka kai ƙara sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba kuma wanda ya sanar da su cewa a harabar asibitin ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka tana ba da magani tabbatacce kyauta. Takardar amincewa da sa hannun iyaye ba a samu ba.

Nan ne zuciyar maganar take. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Uwar da ɗanta ke sanƙarewa a hannunta ba ta da sukunin tambayar sunan ƙwaya, balle ta bambance likitan da ya zo magani da wanda ya zo bincike. Saboda irin wannan rauni ne aka kafa ƙa'idar Nuremberg a 1947, wadda ta wajabta yardar mutum kafin a yi gwaji a jikinsa, aka kuma ɗora wa kwamitocin ɗa'a nauyin tsaya wa marar ƙarfi. A Kano wannan garkuwa ba ta yi aiki ba. Daga baya ya bayyana cewa wasiƙar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar, bayan gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan watanta baya.

Shekara huɗu maganar tana kwance. A 1999 hukumomin Turai suka dakatar da Trovan, Amurka kuma ta taƙaita amfani da shi saboda illar da yake yi wa hanta. A Disambar 2000 jaridar Washington Post ta fallasa labarin gwajin, sai gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi. Kwamitin ya kammala aikinsa a 2001, ya sami gwajin da saɓa ƙa'ida, amma rahoton bai ga hasken rana ba sai a 2006, nan ma jaridar ce ta samo shi. Iyayen kuwa tun 2001 suka shigar da ƙara a New York, aka yi ta korar ta suna ɗaukakawa. Gwamnatin Kano da ta tarayya ba su kai tasu ƙarar ba sai a 2007, shekara goma sha ɗaya bayan aukuwar abin.

A Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke cewa gwajin magani ba da yardar mutum ba abu ne da dokar ƙasa da ƙasa ta haramta, don haka ƙarar iyayen abar saurare ce. A shekarar kamfanin ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba: miliyan 35 domin waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 domin ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. Sai wata matsala ta kunno kai. Masu neman diyya sun haura 500, alhali yara 200 aka gwada, aka koma ga gwajin ƙwayoyin halitta domin tantancewa. A Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. Yaran da suka rayu sun riga sun zama samari da 'yan mata.

Asarar ba ta tsaya a kan gidaje 200 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Lokacin da Kano ta dakatar da allurar rigakafin shan inna a 2003, dalilai da dama sun haɗu, har da jita-jitar hana haihuwa, amma Trovan na cikin hujjojin da ake kafawa. Kafin a dawo da rigakafin a Yulin 2004 cutar ta sake yaɗuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da ba a haifa ba a 1996 su ma sun biya bashin amanar da aka karya.

Doka ta biyo baya a hankali. An fitar da kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa a 2007. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta rubutacciyar yarda kafin gwaji, ta kuma hana korar marar lafiyar da ke buƙatar taimakon gaggawa. A 2018 aka ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyaci, wanda ya ba shi ikon a yi masa bayani da harshen da yake ji, ya ƙi abin da bai yarda da shi ba, ya kuma kai koke.

Sai dai masu tsaya wa yaran Kano duk daga nesa suka zo, kuma a makare: ɗan jarida, lauya, alƙali. A ɗakin kwanciya na asibitin gwamnati mutum ɗaya ne yake kusa a kan lokaci, wato mai jinya, uwa ko ƙanwa ko kawu da ke kwana a tabarma gefen gado, mai sayo magani da neman jini. Shi ne lauyan farko na majinyaci, kuma mafi yawan masu jinya ba su taɓa jin an karanta musu waɗannan haƙƙoƙi da Hausa ba. Ranar da mai jinya zai iya tambayar wane magani ne wannan, me ya sa, kuma akwai wani, a amsa masa ba tare da tsawa ba, ranar ce dokokin 2014 da 2018 za su sauko daga takarda su shiga asibiti.