Alkamar Saudiyya da lissafin man dizal

Duk alhajin da ya ci burodi a Makka a shekarun 1990, mai yiwuwa alkamar hamada ya ci. Makka dai ba garin noma ba ne, to amma a 1984 Saudiyya ta wadatar da kanta da alkama, kana a 1992 ta noma kimanin tan miliyan 4, har tana sayarwa ƙetare.

Yaya aka yi? Da man dizal mai rahusa. Shi ke tuƙa taraktoci, shi ke juya injunan jawo ruwa daga can ƙarƙashin ƙasa.

To ga lissafin: kowace lita ta dizal kan fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon mai ɗumama duniya. A ce tarakta na shan lita 10 a awa. In ta yi awa 8, lita 80 ke nan, wato kilo 216 a yini guda.

Da ruwan ƙasa ya ja baya, a 2008 gwamnati ta yanke shawarar janye tallafi, kuma a 2016 shirin ya ƙare. Manoman rani na Kadawa, ku ma ku riƙa rubuta litocinku.