Charles Steinmetz: Baƙon da Ya Sauƙaƙa Lissafin Wutar Lantarki

Duk wanda ya ratsa ta 'Yan Katako a Na'ibawa, ko ya shiga masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, zai ji rurin injuna, ya kuma ga taransifoma a girke. Wutar da ke tafiyar da su ita ce mai kai-komo, wadda a Nijeriya take zuwa ta dawo sau 50 cikin daƙiƙa guda. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana rayuwar mutumin da ya sauƙaƙa lissafin irin wannan wuta, wanda saura ƙiris a hana shi shiga ƙasar da ya yi wa aiki.

An haifi Steinmetz ran 9 ga Afrilu, 1865, a Breslau ta Jamus, garin da yanzu yake cikin Poland da sunan Wroclaw. Wada ne mai ƙusumbi, tsawonsa kimanin ƙafa 4, kuma gadon wannan lalura ya yi daga mahaifinsa da kakansa. Ya shiga Jami'ar Breslau a 1883, inda ya yi fice a lissafi. Yana gab da samun digirin dakta a 1888 sai 'yan sanda suka sa masa ido saboda ra'ayinsa na gurguzu. Ya tsere zuwa Zurich, daga nan ya nufi Amurka a 1889. Da jami'an shige da fice suka dube shi, ba kuɗi, ba Turanci, ga nakasa, sai suka yi niyyar mai da shi. Abokin tafiyarsa ne ya tsaya masa, sa'an nan aka bar shi.

A masana'antar Rudolf Eickemeyer da ke Yonkers ya fara aiki. Matsalar da ta addabi injiniyoyi a lokacin ita ce zafi. Duk sa'ad da wuta ta juya, maganaɗisun da ke cikin ƙarfen inji shi ma sai ya juya, amma da nawa, har wani ɓangare na ƙarfin wutar ya salwanta ya zama zafi. Sai an ƙera inji an kunna kafin a san ko zai jure. A 1892 Steinmetz ya gabatar da ƙa'idar da ke auna wannan hasara tun a kan takarda.

Aikinsa na biyu ya fi wannan tasiri. Tun da wuta mai kai-komo ba ta tsayawa a hali guda, lissafinta kan gagari yawancin injiniyoyi. A taron masana lantarki na Chicago a 1893, ya nuna yadda lamba guda za ta ɗauki abu biyu, wato girman wutar da kuma jinkirinta. Ta haka lissafi mai tsawo ya koma aljabara da ɗalibi zai iya yi. Har yau wannan hanya ake koyarwa a tsangayoyin injiniya.

A shekarar ce kamfanin General Electric ya sayi masana'antar Eickemeyer, ya gaji Steinmetz. Ya zauna a Schenectady, ya koyar a Kwalejin Union, ya shugabanci hukumar ilimi ta garin, ya kuma mallaki haƙƙin ƙirƙira sama da 200. Bai yi aure ba, don gudun kada ya gadar wa 'ya'ya lalurarsa. Ya rasu ran 26 ga Oktoba, 1923, yana da shekara 58.

Ƙasar Hausa ta san irin wannan hijira. Malam Muhammadu al-Kashinawi ya bar Katsina, ya yi rubutu kan lissafin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Birnin Kano kuwa da baƙi ya bunƙasa, tun daga Wangarawa har zuwa Kwarori. Da jami'an nan sun yi hukunci da abin da ido ya nuna musu, da Amurka ta kori arzikinta tun daga bakin ruwa.