TARIHINMU A BAKINMU: HAUSAR YOLA DA JIMETA

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wani biki da muka je Kano da yaranmu. Ɗaya daga cikinsu ya buɗe baki ya ce "inna ya ce a gaishe ku", sai ɗaki ya ɗauki dariya, wani ya ce, "Kai, wannan ai Hausar Yola ce." Yaron nan bai sake magana ba har muka dawo. To, a can an ce ba mu iya ba, a nan kuma har yau akwai masu kiranmu baƙi. Shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi baya, mu san inda wannan harshe namu ya samo kamanninsa.

Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a shekarar 1809. Ya zauna Gurin, ya zauna Ribaɗu, kafin ya kafa Yola a 1841. Sunan Yola kansa Fulatanci ne, daga "yolde", wato tudu. Ƙasar kuma ana ce mata Fombina, ma'ana kudu. Kakanninmu fatake ne da malamai da masu sana'a, suka biyo sawun tutar nan daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato. Suna kawo tufafi da kayan ƙira, suna wucewa Garwa da Ngaundere da Banyo neman hauren giwa, kuma gaskiya ɗaya ce, har da cinikin bayi a wancan zamani. Inda aka sauke su a cikin Yola har gobe sunansa Wuro Hausa. Ku duba sunan nan da kyau: "wuro" na masu gari ne, "Hausa" namu ne. Tsofaffin Fulani kuwa sukan kira Bahaushe ɗan kasuwa "Kambarijo".

Da Turawan Ingila suka ci Yola a 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita, sai harka ta karkata bakin kogin Binuwai. Jimeta ta zama masaukin jiragen ruwa da kantunan kamfanoni, ana awon gyaɗa da auduga. Leburori da dillalai da mahauta da direbobi suka taru, ga Bata da Bachama da Verre da Chamba da Kilba da Barebari, daga baya ga Ibo da Yarbawa. Kowa da yarensa, amma ciniki sai da Hausa. Da aka ƙirƙiro jihar Gongola a 1976, aka mai da Yola hedikwata, ma'aikata suka ƙaru, Hausa ta ƙara samun gindin zama. A 1991 aka raba Gongola, muka zama jihar Adamawa.

Wanda ke son shaida ya zagaya unguwannin Jimeta. Limawa, Alƙalawa, Gwadabawa da Yelwa, waɗannan bakin Bahaushe ne. Luggere, wato kwari, da Rumde, wato abin da Bahaushe ke kira rinji, na Fulani ne. Nassarawo kuwa Nasarawarmu ce aka ɗaura mata wutsiyar Fulatanci. Ku haɗa da can ƙetare: iyakar da Turawa suka yanka ta bar mafi yawan ƙasar Fombina a Kamaru, kuma a kasuwannin Garwa da Marwa Fulatanci ne ke gaba. A namu ɓangaren Hausa ce ta riƙe kasuwa, Fulatanci ya riƙe fada da cikin gida.

Bahaushe ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Fulatanci ba ya raba namiji da mace a cikin magana kamar yadda Hausa ke yi da "ya" da "ta". Don haka maƙwabtanmu da suka koyi Hausa suka riƙa cewa "mace ya zo", yaranmu da suka tashi tare da nasu suka ɗauka. Haka kuma babu "ƙ" da "ts" a Fulatanci, shi ya sa za ka ji "karfe" a maimakon "ƙarfe". Mu ma mun ba su namu. Bafulatanin Adamawa yana cewa "sannu", yana cewa "amma", in zai yi sallama ya ce "sey jango", wato sai gobe. Wannan "sey" ɗin "sai" ɗinmu ce. Mu kuma muna cewa jauro da arɗo da modibbo ba tare da mun ji baƙunta ba. Masu yi mana dariya a Kano ma su tuna, baffa da goggo da kawu da suke kira kullum daga Fulani suka aro su.

Saboda haka shawararmu ga iyaye biyu ce. Ta farko, kada mu bari yaro ya ji kunyar bakinsa, mu gaya masa tarihin nan. Ta biyu, kada mu yi sakaci. A gida mu gyara musu "ya" da "ta", a Islamiyya malamai su kula da fassara, domin yaron da zai rubuta jarrabawa ko takarda yana bukatar daidaitacciyar Hausa. Kuma abin kunya ne a ce jikan mutanen Wuro Hausa ba ya iya amsa "jam na?" da "jam". Muna roƙon dattawan ƙungiya su sa matasa su zauna da tsofaffin da suka rage, a rubuta kalmomi da sunayen unguwanni tun suna da rai.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara mana zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin. Wassalam.