Bindigar Farko da Aljihun Talaka: Nazari kan Doka, Tarihi da Tsaro a Ƙasar Daura

Gabatarwa

Tun da ta'addancin 'yan bindiga ya yi ƙamari a Jihar Katsina, maganar mallakar makami ta bar bakin mafarauta da 'yan tauri ta shiga majalisun dattawa da zaurukan magidanta. Masarautar Daura, mai ƙananan hukumomi biyar, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, ba ta cikin yankunan da abin ya fi shafa kamar Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari. Sai dai sace Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa ranar 1 ga Mayu, 2019, wanda sai a watan Yuli aka kuɓutar da shi a Kano, ya nuna cewa nisa da dajin Rugu ba kariya ba ce. Daga nan ne wasu ke tambaya: idan mutum zai sayi bindigarsa ta farko, musamman irin mai ɗura kanta, kuma kuɗinsa ba su da yawa, wacce ya kamata ya zaɓa?

Wannan nazari ya bi tambayar ta fuskar aikin makamin, da doka, da tarihi, da kuɗi. Matsayarsa ita ce, ga mazaunin Kusugu ko wata unguwa a Daura, doka ta riga ta rufe wannan zaɓi, kuma tarihin yankin ya nuna cewa bindiga tana amfani ne idan tana ƙarƙashin tsari da shugabanci.

Bambancin bindigogin

Adaka, wadda wasu ke kira bindigar toka ko baushe, ta baki ake ɗura ta. Duk wanda ya tsaya kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan salla ko Sallar Gani a Daura ya ga yadda ake yi: mutum zai kafa gindinta a ƙasa, ya zazzaga albarushi ta bakin, ya cusa tsumma, ya danna da sandar ƙarfe har ya zauna, sannan ya ɗaga ya saki. Ƙara ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, sai ya koma gefe ya sake ɗuri tun daga farko. Mafarauci kuma kan ƙara da 'yan ƙarafuna a kan albarushin. Harbi ɗaya ke nan, sai jira.

Sama da ita akwai bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, wadda ake karyawa a tsakiya a saka harsashi. Sai kuma mai ɗura kanta, wadda ita ce jigon tambayar: ƙarfin harbin farko ne ke fitar da kwanson da ya ƙone ya shigar da sabon harsashi, saboda haka duk jan kunama ɗaya harbi ɗaya ne, ba tare da tsayawa ɗuri ba. AK-47, wadda Mikhail Kalashnikov ya ƙera a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ta wuce nan, domin ana iya juya ta ta yi ta ɓarin wuta muddin yatsa na kan kunama, kuma gidan harsashinta na ɗaukar 30. Wannan tazara tsakanin harbi ɗaya da harbi 30 ita ce ke damun mutumin ƙauye.

Inda tambayar ta samo asali

Zaɓen bindiga bisa nauyin aljihu al'ada ce ta Amurka. A can gyara na biyu na kundin tsarin mulki, wanda aka amince da shi a 1791, ya ba ɗan ƙasa damar riƙe makami. A dokar tarayya, mai shekara 18 na iya shiga kanti mai lasisi ya cike takarda, a binciki tarihinsa, ya sayi doguwar bindiga, ko da yake wasu jihohi sun ƙara tsauri. Shi ya sa ake muhawara a can kan ko sabon shiga ya fara da ƙaramar Ruger 10/22 mai arhar harsashi ko da AR-15. Wannan muhawara ta ginu ne kan kasuwa buɗaɗɗa, da wuraren koyon harbi, da binciken tarihin mai saye. Babu ɗaya daga cikin ukun da ke hannun magidanci a Daura.

Abin da dokar Nijeriya ta tanada

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ake aiki da ita, ta raba bindigogi gida uku. Kaso na farko shi ne haramtattu: igwa, da gurneti, da bindiga mai sarrafa kanta, da ƙananan bindigogin hannu, da bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62 ko 9, ko inci .300 ko .303. Ba mai riƙe waɗannan sai da lasisin Shugaban Ƙasa. AK-47 tana nan ciki, tunda milimita 7.62 ce. Kaso na biyu na Sufeto Janar na 'Yan Sanda ne, kuma ya ƙunshi bindigar farauta mai watsa ƙarafuna, amma dokar ta cire mai ɗura kanta da duk mai wata na'urar sake ɗuri daga ciki. Sai bindigogin wasan harbi da na iska. Kaso na uku shi ne adaka da danginta, wanda aka bar wa kwamishinan 'yan sanda na jiha tare da amincewar gwamna.

Dokar ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka taɓa samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Harsashi ma sai da izini, haka ƙira da gyara. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, mai riƙe ta kaso na biyu ba lasisi kuwa yana iya shan shekara biyar. Akwai kuma dokar fashi da makami ta 1984, wadda gwamnatin soja ta marigayi Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta kafa. A watan Maris na 2021, lokacin yana shugaban farar hula, fadarsa ta sanar da umarnin harbe duk wanda aka gani da AK-47 ba bisa ƙa'ida ba. A Agustan 2023 kuma Muƙaddashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya bayyana dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai. Ke nan 'yar ƙofar da doka ta bari ma an turo ta.

Tushen wannan rabo a tarihi

Tarihin Daura ya fara ne da makami, amma ba bindiga ba. Labarin rijiyar Kusugu ya ce da takobi Bayajidda ya kashe macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Har cikin ƙarni na 19 doki da takobi da mashi da kwari da baka su ne ginshiƙin yaƙi a ƙasar Hausa, kamar yadda Joseph Smaldone ya nuna a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Usmaniyya. Bindigogin da ake da su kaɗan ne, kuma galibi suna hannun bayin sarki.

Maƙwabciyar Daura ta arewa ce ta sauya wannan. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi ta hanyar fataucin Sahara, ya sa aka riƙa haɗa albarushi ana zuba igwa a Zinder. Marubuta tarihi na ambaton bindigogi kusan 6,000 da igwa kusan 40. Da wannan ƙarfi Damagaram ta shimfiɗa ikonta kan Zango da Baure, inda zuriyar sarakunan Haɓe na Daura suka zauna bayan jihadi, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na 1978 kan al'amuran Daura. Abin lura a nan shi ne, makaman Tanimu na rumbun sarki ne. Ana raba su ga runduna, akwai shugaban da ke amsa tambaya a kansu.

A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniyar Brussels, wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani wani babban yanki na Afirka, amma ta bar sayar da irin su adaka. Da Turawan Ingila suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, da Sakkwato ranar 15 ga Maris, da igwa da bindigar Maxim suka zo, mutanen gari kuwa yawancinsu da baka da takobi. Tsarin da suka kafa shi ne makamin zamani na gwamnati, adaka ta talaka. Dokar 1959 ta gaji wannan rabo kusan yadda yake, kuma an rubuta ta ne bisa zaton cewa gwamnati ce kaɗai za ta riƙe manyan makamai.

Inda zaton ya rushe

Yau wannan zato bai tsaya ba. Cibiyar Small Arms Survey ta Janiba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi fiye da miliyan shida a hannun farar hula a Nijeriya. A wannan shekarar kaɗai Hukumar Kwastam ta kama bindigogi 2,671 a Legas. Rushewar gwamnatin Gaddafi a 2011 ta saki makaman Libiya cikin Sahel, ga kuma iyaka mai tsawo tsakanin Katsina da Nijar wadda mashigu irin su Kwangwalam da Jibiya ba su isa su tsare ta duka ba. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai ta 2006, da cibiyar hana yaɗuwarsu da gwamnatin tarayya ta kafa a 2021, ba su rufe wannan ɓaraka ba.

Wannan ne ya sa Gwamna Aminu Bello Masari ya yi kira ga mutanen Katsina a 2021 da su nemi makami su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce za ta raba takardun neman lasisi 500 ga kowace daga masarautunta 19. Nan take 'yan sanda suka ce hanin bayar da lasisi da aka sa tun kafin wannan lokaci na nan daram, Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor kuma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Talaka ya tsinci kansa tsakanin umarni biyu, kuma wanda ya bi na gwamna kotu ba za ta karɓi hakan a matsayin hujja ba.

Ainihin tsadar

Mai lissafin farashi kan manta cewa kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta. Ga ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama Naira 70,000 a 2024, ciyar da irin wannan bindiga da harsashi ya fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma wanda bai samu horo ba ya fi zama hatsari ga iyalinsa. A gidan Bahaushe mai yara da yawa da masu shige da fice, ajiye ta kanta matsala ce. Kuɗin da aka kai kasuwar bayan fage kuwa aljihun masu safarar da ke sayar wa ɓarayin daji yake shiga, kuma gidan da aka san akwai bindiga a cikinsa ya zama abin hari.

Ko makamin da doka ta sassauta a kansa yana iya jawo halaka idan babu shaidar da kowa ya yarda da ita. A ƙarshen Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyar komawa Kano hutun salla, bayan 'yan sintiri sun ga bindigogin farauta a motarsu. Tarihin 'yan sa-kai a Zamfara da Katsina kuma ya nuna yadda makami ba tsari ke haifar da kisan ba gaira ba dalili, da ramuwar gayya da ke faɗawa kan ƙauye baki ɗaya.

Kammalawa

Hujjar masu neman makami tana da ƙarfi: ba adalci ba ne mai bin doka ya tari mai AK-47 da adaka. Amma maganin bai zama kowa ya sayi tasa a ɓoye ba. Hanyar da ta fi kusa da hankali ita ce wadda Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ɗauka a Oktoban 2023 da ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar da matasa fiye da 1,400, wadda Zamfara ta biyo baya da Askarawanta a Janairun 2024. Amfanin irin wannan runduna ya dogara ne kan tantancewa, da horo, da albashi kan kari, da rajistar kowane makami, da hukunta wanda ya wuce gona da iri.

Abin da ya rage na Majalisar Tarayya ne: ta sake duba dokar 1959, ta fayyace matsayin rundunonin jihohi da makaman da za su riƙe, ta kuma samar wa mafarauta da manoma rajistar adaka mai sauƙi wadda masu unguwanni da dagatai za su shaida. Kafin nan, magidancin da ke da 'yan kuɗi a hannu gara ya sa su a gyaran katanga da ƙofa, da fitilar unguwa, da tallafa wa 'yan sintirin da hakimi da ofishin 'yan sanda suka san da zamansu. Mai lasisin bindigar farauta ya tabbatar takardarsa ba ta mutu ba, ya kuma ajiye makamin inda hannun yaro ba zai kai ba.