Yadda Yauri Ta Kuɓuce wa Faransanci: Waiwaye a Kan Yarjejeniyar 1898

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa ba nisan ƙasa ne ya raba Yauri da harshen Faransanci ba. Abin da ya raba su shi ne shawarar da Turawa suka yanke a birnin Paris, ba da sanin Yawurawa ba.

Takarar Turawa a bakin Kwara

Tun kafin zuwan Turawa, fataken goro masu zuwa Gwanja sukan ƙetare Kwara ta ƙasar Yauri, su ratsa Bargu. Wannan kogi ne Faransa ta ƙwallafa wa rai, domin tana neman mashiga a ƙasan duwatsun Busa, inda jirage za su iya kaiwa teku. A 1894 Lugga ya riga Faransawa isa Nikki, ya ƙulla yarjejeniya da sunan Kamfanin Neja. Faransawa ba su amince ba. A 1897, zamanin Sarkin Yauri Abdullahi Abarshi, sojojinsu a ƙarƙashin Bretonnet suka mamaye Busa, watau maƙwabciyar Yauri ta kudu, har aka yi fargabar yaƙi zai ɓarke tsakanin ƙasashen biyu.

Ran 14 ga Yuni 1898 aka sasanta. Ingila ta sami Busa da Illo, Faransa ta riƙe Nikki da Gaya. Ta haka aka tsaga Bargu gida biyu, Yauri kuma ta tabbata a ɓangaren Ingilishi. Da an ja layin nan ta gabas kaɗan, da yaran Yelwa da Ngaski da Shanga da Faransanci za su fara karatun boko.

Inda harshen ya bunƙasa

A wancan ɓangare Faransanci ya zama harshen ofis da makaranta, daga Kwatano har Dakar. A Yamai aka kafa hukumar haɗin kan ƙasashe masu amfani da shi, ran 20 ga Maris 1970, zamanin Shugaba Diori Hamani. Yau Kinshasa ta zarce Paris yawan jama'a, Abijan kuma tana cikin manyan biranen harshen. Sai dai a 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar, ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki.

Kammalawa

Layin 1898 ya raba makarantu da ofisoshi, amma bai raba kasuwa ba. Ɗan kasuwar Yauri da ya je Gaya ko Malambil, Hausa ta ishe shi ciniki. Sai ya zo gaban jami'in kwastan takardun Faransanci su tsayar da shi. Don haka ya kamata kwalejojin ilmi na Jihar Kebbi su riƙa koyar da Faransanci a matsayin harshen maƙwabta, su kuma haɗa shi da tarihin wannan iyaka, domin ɗalibi ya san yadda aka yi ɗan'uwansa na ƙetare ya tashi da wani boko dabam.