Daga Karan Maɗori Zuwa Safar Idon Sawu

A Maraɗi ta da, tun garin na kwance a bakin Gulbi kafin ambaliyar 1945 ta sa a hau tudu, wanda ya yi targaɗe ba ya tambayar inda za shi. Gidan maɗori ake nufa. Haka a Tibiri ta Gobirawa, haka a Jiratawa. Sana'ar gado ce, uba ya bar wa ɗa. Maɗori zai lalubi idon sawu da babban yatsa, ya ja, ya murza da man shanu, ya yi tofi, sannan ya jera kara ya naɗe da tsumma. Mutane da yawa sun miƙe a hannunsu, wannan ba a musu. Amma yatsa ba ya ganin tsagewar ƙashi, kuma ɗaurin da aka tsuke fiye da kima kan tare jini har ƙafa ta lalace.

Ƴan kokowa sun fi kowa sanin zafin targaɗe. Tun da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa cikin 1975, kokowa ta zama harkar suna da dukiya, ɗan wasa kuwa ba ya son doguwar jinya. Daga baya babura suka cika gari, ƴan kabu-kabu suna faɗuwa cikin rairayi, targaɗe ya zama ruwan dare.

Gidan likita ya zo da bandeji da filasta, a daskarar da ƙafa makonni. Likitocin duniya kuma suka sake tunani: targaɗen da ba karaya, ya fi saurin warkewa idan an tallafi gaɓar amma aka bar mutum yana takawa a hankali. A nan safar idon sawu ta samu shiga. Akwai ta roba zalla, mai rage kumburi kawai. Akwai mai igiya ko mai tauri a gefe biyu, wadda ke hana ƙafa sake gocewa. Ita ce ta dace da mai komawa gona ko filin wasa, kuma akan ɗau mako huɗu zuwa shida ana sa ta.

Abin da ke damuna, yau ana sayen ta a kasuwa kamar safar sanyi, ba awo, ba gwaji. Kuskuren da aka gudo daga gidan maɗori shi ake maimaitawa: a ɗaure kafin a san me ya faru a ciki. Tun 1992 likitocin Ottawa a Kanada suka fitar da ma'auni mai sauƙi: wanda ya kasa taku huɗu, ko ƙashin idon sawun kansa ke zafi in an danna, hoton ƙashi yake bukata.

Ɗan'uwa, in ka sa safar yatsunka suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko ka daina jin su, kwance ta nan take ka tafi likita.