Awon albarushi da saitin bindiga mai ɗuri ta baki: Faransa da ƙasar Hausa a ƙarni na 19

Gabatarwa

A watan Oktoba na 1826, bature matafiyi Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Konya, birnin Gobirawa. A cikin dubban mayaƙa, bindigogin da ya ƙirga ba su kai 50 ba, kuma kowane ɗan bindiga in ya yi harbi sai ya ruga inda kibiya ba ta kaiwa domin ya sake ɗuri. A cikin wannan shekara ce wani hafsan sojan Faransa, Delvigne, ya fito da sabuwar hanyar ɗura bindiga. Marubuta da dama sun ɗora laifin rashin tasirin bindiga a yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa a kan rashin ƙwarewar masu harbi. A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu nuna cewa tushen matsalar yana cikin bindigar kanta, wato rashin daidaituwa tsakanin bututu, harsashi da awon albarushi, kuma Turawa ma sun daɗe suna fama da ita.

1. Me ke sa harsashi ya kauce?

Bindigar sojan Faransa samfurin 1777 cikinta sumul yake, faɗin bakinta milimita 17,5. Harsashinta curin darma ne da ake yi da gangan ya gaza faɗin bututu da kimanin milimita guda, saboda albarushi idan ya ƙone yana barin dauɗa mai yawa, kuma bayan harbi kaɗan harsashi matsattse ba ya shiga. Wannan ɗan sarari shi ne tushen ɓarna. Harsashi yakan fito yana dukan gefe da gefe, ya ɗauki juyin da babu wanda ya san inda zai kai shi. Masanin lissafi na Ingila Benjamin Robins, wanda littafinsa a kan ilimin harbi ya fito a 1742, ya nuna cewa wannan juyi ne ke karkatar da harsashi a cikin iska. Ban da haka, wani kaso na ƙarfin albarushi yana sulalewa ta sararin, shi ya sa ake zuba kusan giram 12 domin harsashi mai giram 25 zuwa 27. Duk da wannan ɗuri mai nauyi, in tazara ta wuce mita 100, samun mutum guda sai an yi sa'a.

Maganin an san shi tun ƙarni na 16: a yi tsaga masu murɗewa a cikin bututu, harsashi ya kama su ya fito yana juyawa kamar mazari. Amma dole harsashin ya matse, sai an danna shi da ƙarfi, wani lokaci har da ɗan guduma. Maharbi yana da wannan lokaci, sojan da ke cikin sahu ba shi da shi.

2. Albarushi iri-iri ne

Albarushi haɗi ne na abu uku: gishirin salfetir, gawayi da farar wuta. Ingancinsa ya dogara ga tsabtar gishirin, irin itacen da aka yi gawayi da shi, da girman ƙwaya. Gari mai laushi yana shan raɓa, kuma kayan haɗinsa suna rarrabuwa a cikin tafiya. Don haka tun ƙarni na 15 aka fara mayar da shi ƙwaya-ƙwaya. Ƙaramar ƙwaya tana ci da sauri, ta dace da ƙaramin bututu. Babba tana ci a hankali, ita ce ta igwa. A 1775 gwamnatin Faransa ta kafa hukumar albarushi, masanin kimiyya Lavoisier yana cikin shugabanninta, ta gyara tace gishirin. Akwai kuma wani ɗan turmi na gwaji: a zuba awo ɗaya da ba ya sakewa, a harba curin ƙarfe, a auna nisan da ya kai, albarushin da ya gaza sai a ƙi karɓarsa. Muhimmin abu a nan shi ne ɗurin yau ya zama daidai da na jiya, domin in ƙarfi yana sakewa daga harbi zuwa harbi, saiti ba ya da amfani.

3. Daga Delvigne zuwa Minié

Dabarar Delvigne ita ce a ƙuntata gindin bututu inda albarushi ke zama. Harsashi ya shiga a sake, ya tsaya a kan gaɓar, a doke shi da sandar ɗuri ya baje ya kama tsaga, ba tare da an murƙushe ƙwayar albarushi ba. Aibinta shi ne harsashin yana lotsewa. Yaƙin Aljeriya, wanda ya fara a 1830, ya hanzarta bincike, domin dogayen bindigogin mutanen ƙasar suna cimma sojan Faransa daga nesa. A 1844 Thouvenin ya sa tsinken ƙarfe a tsakiyar gindin bututu, wanda ake danna harsashi a kansa; amma dauɗa tana taruwa kewaye da tsinken, wanki ya yi wuya. A 1849 kafitan Minié ya kammala aikin: harsashi mai tsawo, kai a fiƙe, gindi da rami. Yana zurarewa cikin sauƙi, kuma ƙarfin albarushi da kansa ke buɗa gindin ya kama tsaga.

Sakamakon yana bayyana a bindigar Enfield ta Ingila, samfurin 1853: baki milimita 14,7, harsashi kimanin giram 34, albarushi giram 4,4 kawai. Wato awo ya ragu zuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku na tsohuwar bindiga, amma ana samun abin hari a mita 300 ko fiye. An ga aikin irin waɗannan bindigogi a yaƙin Kirimiya, musamman a Inkerman a 1854. Ƙarin albarushi ma illa yake yi, domin yana iya yage gindin harsashi ya lalata saiti.

4. Damagaram

A daidai wannan zamani Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi ta hanyar Tarabulus, ya sa ana yin albarushi ana kuma zuba igwa a Zinder. Wannan babban aiki ne, kuma ya ba Damagaram rinjaye a kan maƙwabtanta. Sai dai galibin bindigogin da fatake ke kawowa masu ciki sumul ne, daga masana'antu dabam-dabam, bakinsu bai zo ɗaya ba. Inda darma ta yi wuya, guntun ƙarfe ake ɗurawa, awo kuwa na tafin hannu ne. Bindiga a wannan hali tana firgita doki, tana tsare ganuwa, amma ɗan baka yana sakin kibiya da yawa kafin a gama ɗuri guda. An riga an ga haka a 1823 a Musfeya, kusa da Mandara, inda ƴan bakan Fulani suka kori Larabawa masu bindiga, shugabansu Bu Kalum ya mutu da kibiya mai dafi. Sunan da Hausawa suka ba wannan makami, harba-ka-ruga, ya isa bayani.

Kammalawa

Saitin bindiga mai ɗuri ta baki aikin awo ne: bututu mai faɗi ɗaya, harsashi daga zubi ɗaya, albarushi gwadadde, ɗuri ƙididdigagge. Wannan yana bukatar masana'anta da hukuma mai gwaji, abin da ya ci wa Faransa fiye da shekara 70 daga Lavoisier zuwa Minié. Kafin wannan tsari ya ƙetaro Sahara, zamaninsa ya wuce: bindigar Chassepot mai ɗuri ta baya ta fito a 1866, albarushi marar hayaƙi a 1884, bindigar Lebel a 1886. Da irin makamai masu ɗuri ta baya ne sojan Faransa suka ci Zinder a 1899. Mai nazarin wannan cin yaƙi ya kamata, kafin ya ƙirga yawan bindigogin kowane ɓangare, ya fara tambayar abin da aka ɗura a cikinsu.